Kishin Baba

Tun ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, Yaya ce ke jinyarsa. Ita ce 'yarsa ta fari, shi ya sa kowa ke ce mata Yaya, har maƙwabta da 'ya'yansu. Tela ce, tana da shago a bakin titi, amma da jinya ta ƙi ƙarewa sai ta bar wa wata shagon, ta kwaso keken ɗinkinta ta ajiye a barandar gidan mahaifinta, daidai inda za ta ji shi in ya yi tari. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba su haihuwa ba. Ba wanda ya ce ta dawo gida, ba kuma wanda ya yi mamaki da ta dawo.

Ƙannenta biyu ne. Dogo, mai bi mata, direban babbar mota ne, sai ya yi makonni a hanya bai leƙo ba. Auta kuwa tana aure a wani gari mai nisa, tana aiki a kantin magani. Duk suna taimakawa daidai ƙarfinsu, suna bugo waya, amma hannun da ke juya Baba a kan gado don kada bayansa ya yi gyambo, hannun Yaya ne.

Ciwon ya ɗauke masa hannu da ƙafar dama, ya kuma ɗauke magana. Kalma ɗaya tak ta rage a bakinsa: “to”. Ga baƙo, duk “to” ɗin iri ɗaya ne. Yaya ce kaɗai ta san bambancinsu. Akwai gajeren “to” na ƙishirwa, akwai dogo na zagayawa bayi, akwai wanda yake yi da ido a rufe, wato a rage ƙarar rediyo. In 'yan dubiya sun zo, ita ke tsayawa a gefen gado tana fassara musu. Da farko kunyar yi masa wanka ta kusa kashe ta; ta riƙa lulluɓa masa zane tana cuɗa shi ta ƙarƙashi, kanta a kauce. A hankali kunyar ta tafi, aikin ya zama jiki.

Wata safiya tana cicciɓarsa daga gado zuwa kujerarsa mai taya, sai ta ji wani abu ya tsinke a ƙugunta. Ta dai lallaɓa ta zaunar da shi, amma ta kasa miƙewa sai da ta dafa bango. Likita ya duba ta ya ce ƙashin bayanta ya gaji, in tana son ƙafafunta ta daina ɗaga abu mai nauyi. Ta ce masa ubanta ba abu ba ne. Ya ce ya sani, amma ƙashin bai sani ba.

Auta ce ta nemo Kofur ta hannun wata abokiyar aikinta. Tsohon soja ne da ya yi shekarunsa yana jinyar majiyyata a asibitin bariki. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kansa duk furfura, bakinsa ba ya shiru. Ranar da ya fara zuwa, ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ƙame ya sara wa Baba.

“Yallaɓai, an turo ni ƙarƙashinka. Laifina biyu ne, surutu da cin abinci. Sauran ka gano da kanka.”

Ya sa hannu ya ɗauki Baba cak kamar yaro, ya zaunar da shi a kujera. Yaya tana tsaye tana jiran ta ji Baba ya yi “to” na ƙin yarda. Bai yi ba.

Kofur yana zuwa da safe ya tafi bayan la'asar. Shi ke wanka, shi ke aski, shi ke motsa gaɓoɓin da suka sandare yana ƙirga musu kamar a fareti. Ya zo da karta ya koya wa Baba riƙewa da hannun hagu, kullum kuma sai ya yi rantsuwa cewa Yallaɓai na yi masa maguɗi. Wata rana Yaya tana kan keke tana ɗinka wuyan riga, sai ta ji wani sauti daga ɗaki kamar mutum ya shaƙe. Ta jefar da almakashi ta ruga. Ashe dariya Baba yake yi, bakinsa a karkace, hawaye na bin kumatunsa. Rabon da ta ji dariyarsa tun kafin ciwon.

“Lafiya lau, Hajiya,” in ji Kofur. “Ya cinye ni ne, yana murna.”

Ta koma kan keke. Ɗinkin da ta yi bayan nan sai da ta farke shi.

Sai kuma Kofur ya fara fita da Baba. Yaya ba ta taɓa fitar da Baba ƙofar gida ba, saboda iska, da ƙura, da idon mutane. Ba ta son a ga yawu na zuba daga bakin mutumin da unguwa ta sani da kwarjini. Kofur ya ɗaura masa tawul a wuya, ya tura shi har rumfar mai gyaran rediyo, inda tsofaffin abokansa ke zaman hira. Baba ya riƙa dawowa da ƙura a hula da haske a ido.

A irin wannan dawowar ne abin ya faru. Kofur ya kwantar da shi, ya ɗauki jakarsa zai tafi, Yaya tana gyara filo. Baba ya ɗaga hannun hagu, ya yi ta kokawa da harshensa, can sai ya ce, “Ko-fur.”

Kofur ya yar da jaka ya yi kabbara. Yaya ma ta ce alhamdulillahi, kuma har zuciyarta ta faɗa. Amma da ta shiga kicin ta ɗora ruwan shayi, sai ta tsaya tana kallon tukunya har ruwan ya ƙone. Duk tsawon shekarun nan, da safe da yamma, takan sunkuya ta ce masa, “Baba, ni ce Yaya. Ce Ya-ya.” Suna ne mai sauƙi, jariri ma yana iya faɗa.

Daga ranar ba abin da Kofur ya ƙara yi daidai. Ruwan wanka ya cika zafi. Filo ya yi tudu. Man shafawa yana ƙarewa da wuri. Yana amsa mata da “An gama, Hajiya,” ya gyara. Ran nan ta ga ɓawon gyaɗa a aljihun rigar Baba, ta ɗanɗana ragowar ta ji gishiri.

“Mai hawan jini ka ba gishiri?”

“Ƙwaya nawa ce, Hajiya? Abokansa na ci yana kallo. Na ga ransa ya biya.”

“Ransa ya biya. In ya faɗi, kai za ka tafi gidanka ka yi barci. Ni ce 'yarsa. Daga yau mun gode.”

Kofur bai yi musu ba. Ya shiga ya yi wa Baba sallama, ya fito. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, “In za ki ɗaga shi, ki lanƙwasa gwiwa, kada ki sunkuya. Ki bar shi ya rungumi wuyanki da hannun mai lafiyar.” Ta ce ta san ubanta tun kafin ya san shi.

Dangin suna da guruf a waya, inda ake sanar da haihuwa da rasuwa, ake kuma turo addu'o'in safiya. Kafin magariba labari ya kai can. Wani ya tambaya me tsohon sojan ya yi. Wata ta ce ita fa ta ga Baba a rumfa har ya yi ƙiba. Sai Auta ta rubuta: “Jama'a a yi wa Yaya uzuri. Kishin Baba ne.”

Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda jikarta ke rubuta mata, ita ta fara amsawa: “Allah ya yi mata albarka. Yarinyar nan tun tana ƙarama take da kishin ubanta. Ina ma kowa ya haifi irinta.”

Can sai ga Dogo daga wani garejin hanya: “Gwaggo, ba wannan kishin ake nufi ba.” Ya liƙa fuskar dariya. Wasu suka bi shi da tasu dariyar, wasu suka bi Gwaggo da amin.

Yaya ta karanta tana zaune a bakin gadon Baba. Ta rubuta, “Ni ba kishi nake yi ba.” Ta duba ta ga kamar ta ce ba ta damu da shi ba, ta goge. Ta rubuta, “E, kishinsa nake yi, wa ya fi ni?” Ta ga ta ba Dogo gaskiya, ta goge. Duk yadda ta juya kalmar, sai ta kama ta ta wani gefen. Ta fita baranda ta buga wa Auta.

“Wanne kike nufi? Na Gwaggo ko na Dogo?”

“Yaya, don Allah.”

“Ke kika rubuta a gaban dangi. Faɗa mini.”

Ana jin hayaniyar masu sayen magani a bayan Auta. “Wallahi da nake rubutawa kare ki nake yi. Da na sake karantawa kuma, ni ma ban sani ba.”

“To ki fito fili ki ce hassada nake yi wa ɗan aiki.”

“Da hassada nake nufi da ita zan rubuta. Ba ki ƙi Kofur ya samu komai ba, Yaya. Ko gida aka ba shi za ki taya shi murna. Baba ne ba kya so ya samu kowa bayan ke. In na bugo in ce a sa mini shi a waya, sai ki ce yana barci. Dogo ya zo zai ba shi abinci, kika karɓe cokalin kika ce zai shaƙe shi. Mu ma fa ubanmu ne.”

“Ina kuke lokacin da nake wanke kashinsa?”

“Muna inda kika ajiye mu.”

Yaya ta kashe waya. Ta shiga guruf ɗin ta fita daga ciki.

A ɗakin Baba, saman gado, akwai wani allon katako da ma'aikatar ruwa ta ba shi ranar da ya yi ritaya. Kullum tana goge shi, ta daɗe da daina ganin rubutun. Washegari da tsumma a hannunta sai idonta ya faɗa kansa: an karrama shi a matsayin “ma'aikaci mai kishin aikinsa”. Ta tuna ranar da ya kawo shi gida. Baba shi ne mai kula da injinan tura ruwa, kuma duk shekarunsa bai taɓa yarda ya tafi hutu ba, don kada wani ya taɓa masa su. Mataimakan da aka riƙa turo masa, ɗaya bayan ɗaya suka nemi a canja musu wuri. Ranar da aka haifi Dogo yana can, wai wani inji yana ƙara. Marigayiya Umma ta sa Yaya ta karanta mata allon, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Sun rubuta daidai. Ni na zauna da kishin nan, na san nauyinsa.” A lokacin Yaya ta ɗauka yabo ne.

Ta tsaya da tsumma a hannu. Sai ta ce a ranta, shi ai allo aka ba shi. Ta goge ta rataye.

Baba bai yi rigima ba. Da hantsi ya yi, sai ya juya kai ya zuba wa ƙofa ido. Ta kawo masa karta ta ce ta iya, ya bar su suka zube a kan zanin gado. Abinci ya koma cokali kaɗan ya rufe baki. Ya fara wani “to” da ba ta taɓa ji ba, a hankali, ba tare da ya dube ta ba. Ta kawo ruwa, ta rage rediyo, ta gyara filo, duk ba su ba ne. Ta san lambar Kofur tana cikin wayarta. Ta ce bari dai a kwana biyu, zai manta.

A banɗaki suka faɗi. Ta gama yi masa wanka, ta sunkuya za ta ɗaga shi daga kujerar roba, sai ƙugunta ya riƙe kamar an soka mata ƙarfe. Ƙafarta ta zame a kan kumfa. Ta ji ƙarar ƙashinsa a kan siminti kafin ta ji zafin nata. Suka kwanta a jiƙe, fuskarsa kusa da tata, ta kasa tashi balle ta tashe shi. Ta jawo zane da yatsun ƙafa ta rufa masa, ta yi ta ƙwala kira har matar maƙwabci ta ji ta katanga. Duk tsawon lokacin Baba yana shafa kanta da hannun hagu.

Ƙashin ƙugunsa ne ya karye. Aka kwantar da shi a ɗakin maza, inda ba a barin mace ta zauna jinya, sai lokacin ziyara. Dogo ya bar motarsa a hannun wani direba ya taho. Yaya, da ɗamarar asibiti a ƙugu, ta wuni a benci a waje, tana hango ƙaninta ta taga yana riƙe da kofi a karkace. Bai ce mata komai game da faɗuwar ba. Ita ma Auta da ta iso, rungume ta kawai ta yi. Da sun yi mata faɗa da ta fi samun sauƙi.

Da ta iya takawa sosai, ta nemi gidan Kofur. Aka ce ya kama aiki a wani gida, aka kwatanta mata. Ta same shi a ƙofar gidan yana yanke wa wani dattijo farce. Ya miƙe ya ba ta kujerarsa. Ta faɗa masa abin da ya faru, ba ta rage komai ba.

“Na zo ka yafe mini. In da hali kuma, ka dawo.”

“Yafiya an yafe, Hajiya. Dawowa ce ba hali. Na riga na ba mutanen nan alkawari, shi ma wannan ya fara sabawa da ni.” Ya dubi dattijon, ya rage murya. “Ba ke kika fara korata ba. Aikin nan, in majiyyaci ya ƙi ni, in sha wuya. In ya so ni, in sha kora. Akwai namiji a gidan?”

“Ƙanena.”

“In na tashi nan da yamma zan riƙa biyowa in nuna masa. Amma da sharaɗi. In ina koya masa, ke kina waje.”

Ta ce ta yarda.

A motar haya, kan hanyar komawa asibiti, ta ce wa Auta ta waya ta mayar da ita guruf. Saƙonnin jaje ne cike, da addu'o'i. Ta daɗe tana riƙe da wayar, sannan ta rubuta: “Abin da Auta ta faɗa kwanaki gaskiya ne. Na Gwaggo da na Dogo, duka biyun. A taya mu da addu'a.” Gwaggo ta amsa da amin. Dogo bai liƙa komai ba.

Likitoci suka ce zuciyar Baba ba za ta ɗauki aikin tiyata ba, aka sallamo shi gida. Bai ƙara zama a kujera ba. Dogo ya bar doguwar hanya ya kama tuƙin motar wata makaranta a cikin gari, yana kai yara da sassafe ya dawo. Kofur ya cika alkawari har hannun Dogo ya faɗa. Suka raba wunin: hantsi na Dogo, yamma ta Yaya. Auta na bugowa a jingina wayar da filo, ta yi ta ba Baba labarin 'ya'yanta.

Hantsin ne ya fi yi wa Yaya wuya. Tana baranda tana jin komai: an ja shi da ƙarfi, an bar taga a buɗe, an kawo ruwa alhali bayi yake nema. Sau da yawa sai ta tsinci kanta a bakin ƙofa, hannunta a kan labule. Da ta ga ba za ta iya ba, sai ta roƙi wadda ta bar wa shago ta ba ta gefe guda, ta mayar da kekenta can. Tana fita in Dogo ya shigo, ta dawo da azahar.

A shagon saƙon ya same ta, bayan wasu watanni, tana auna wata yarinya. Ɗan maƙwabci ne ya zo a kan babur ya ce Dogo ya ce ta zo. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta cire tef daga wuya, ta naɗe shi, ta ce wa uwar yarinyar ta yi haƙuri.

Ta tarar an rufe Baba da farin zane. Dogo yana zaune a ƙasa, ya jingina da gado, dogayen ƙafafunsa a miƙe. Ta buɗe fuskar ta duba, ta yi addu'a, ta mayar. Sannan ta lallaɓa ta zauna kusa da ƙaninta.

“Da na sani da na aika tun da wuri,” in ji shi. “Ban ga alama ba, Yaya. Wallahi ban gani ba. Ke da kin gani.”

Ta san da ita ce da ta gani. Amma sai ta ce masa:

“Faɗa mini yadda aka yi.”

“Na goge masa jiki, na canja masa riga. Ya yi ta kallon kofi, sai na ɗago kansa na ba shi. Rabi duk ya zube a wuyansa. Na juya in ɗauko tawul, ina juyowa shi ke nan.” Ya rufe fuska da tafin hannu. “Har yau ban iya ba shi ruwa ba.”

“Ya sha?”

“Ya sha.”

“Ashe ka iya.”

A waje an fara jin sallamar mutane. Yaya ta dafa kafaɗar Dogo ta miƙe, ta ce ya wanke fuska ya fita wurin maza, ita za ta buga wa Auta kafin ta gani a rubuce.